Sana'ata: Koya wa Yara Masu Nauyin Baki Magana

Ɗaki ɗaya ne a gidanmu a Kaduna, da tabarmi da wayoyi uku, da wata yarinya da ke taya ni. Yaran da ake kawo mini su ne masu nauyin baki, ’yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda kalmominsu ba su wuce "mama" da "ruwa" ba. Alhali yaro ɗan shekara 2 yawanci yakan riƙe kalmomi kamar 50, har ya fara haɗa biyu.

Ba na karɓar kuɗin kowa sai an gwada jin yaron. Ina tura iyaye Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, domin sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar da mugunya duk suna taɓa ji. Da yawa sukan zo bayan wanzami ya riga ya yanke linzami, shiru bakin bai buɗe ba. Wannan yana ci mini rai.

Da farko wata manhajar waya ta koyar da yara, Khan Academy Kids, na sa musu, tunda kyauta ce kuma an tsara ta da kyau. Sai dai Turanci take yi, hotunanta kuma na wata duniya ne. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara na zuba ba, me zai yi da sunanta? Sai na koma manhajar Cboard, wadda ke ba ka damar sa hotonka da muryarka. Nakan ce wa uwa: "Maman Abba, ki ɗauko mini hoton butarsa, da ludayin da kike zuba masa koko, da takalminsa, da akuyar gidanku." Sannan ta naɗi sunan kowanne da bakinta. Yaro ya taɓa hoton, ya ji muryar uwarsa ta ce "buta", sai na miƙa masa butar gaske ya riƙe, in yi shiru ina kallonsa. Shirun nan shi ne ya fi wa iyaye wuya, kullum suna gaggawar faɗa masa. Idan ya ce "buta", in ce "buta ja". Kalma ɗaya nake ɗora masa a kan tasa.

Minti 15 muke yi da waya, sauran lokacin wasa ne da waƙar tafa-tafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. Shi ya sa nake roƙon iyaye kada su bar yaro da waya shi kaɗai su tafi girki.

Ciniki ba yawa, caji da data suna cinye rabonsu. A makon jiya wata uwa ta turo mini murya da daddare: ɗanta ne ke cewa "Mama, ba ni koko". Sau huɗu na saurara.