Godiya ga jama'ar Kumasi bayan an ga ɗanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, yaro yana gida, ya ci abinci, ya yi barci, mahaifiyarsa ma ta fara dawowa cikin hayyacinta. Duk wanda ke Aboabo da Asawase da Sabon Zango ya ji yadda ya ɓace ranar Asabar da 'yan sikawut suka fita ziyara, don haka ba zan maimaita ba. Ɗan ƙarfin da ya rage mini na godiya ne.

Da farko ina so in wanke malaminsu, domin na ji maganganun da ake yi. Ba yawon banza ya kai su ba. Sun taru a Jackson Park, wanda yanzu ake kira Jubilee Park, suka taka zuwa tsohon sansanin soja na Adum da Turawan Ingila suka gina a 1897, inda mayaƙan sarauniya Yaa Asantewaa suka yi wa gwamnan Turawa ƙawanya a 1900. Burinsa su san cewa Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut a 1907, ya shigo garin nan a watan Janairun 1896 yana jagorantar masu leƙen hanya na rundunar da ta kama sarkin Asante, Prempeh na ɗaya. Har malamin ya gaya musu akwai sojojin Hausa a rundunar, abin da ba kowane ɗan zango ke son ji ba, amma haka tarihin yake. A hanyar komowa ne, cikin cunkoson kasuwar Kejetia, yaron ya tsaya ɗaure igiyar takalmi, layi ya wuce shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru gab da magariba. Yaron ya rakuɓe a gindin wani shago yana kuka, duk wanda ya yi masa magana sai ya kau da kai, saboda mun hore shi kada ya bi baƙo. Wani dattijo Batone mai gyaran agogo ya hango ƙyallen da ke wuyansa, ya ajiye aikinsa, ya tsuguna gabansa, bai ce komai ba sai ya miƙa masa hannun hagu. Ashe tsohon ɗan sikawut ne, kuma haka suke gaisawa. Suna cewa daga mayaƙan Asante aka samo al'adar, domin wanda ya ba ka hagu ya ajiye garkuwarsa ke nan. Yaro ya kama hannun, ya faɗi sunan unguwarmu. Mu da muke tsawatar wa yaro in ya miƙa abu da hagu, ga shi ta hannun nan Allah ya dawo mana da namu. Baba mai agogo ya ƙi karɓar ko na goro, ya ce shi ma yana da jikoki.

Na san masu alheri ba sa son a ambace su, amma su yi mini haƙuri. Hajiya mai koko ta bakin tasha, wadda ta rufe sana'arta ta bi rumfa-rumfa da hotonsa. Direban trotro da ya kawo su har ƙofar gida ya ƙi kuɗin mota. Ladanin masallacinmu da ya yi ta cigiya har muryarsa ta dushe. Da samarin zango da suka bazu Adum da Roman Hill a kan babura. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya shirya muku zuriya, ya sa kada ku ɗanɗani irin wannan tashin hankali, ya buɗa muku ƙofofin arziki, ya sa ku gama da duniya lafiya. Baba mai agogo kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya raya masa jikokinsa.

Akwai 'yan uwa na jini da suke nan cikin gari, waya ba ta yi musu wuya ranar suna ko biki, amma har yanzu ba mu ji ko jaje daga gare su ba. Wataƙila labari bai kai musu ba.

Za a yi sauka da sadaka a gida ranar Juma'a bayan la'asar, in sha Allahu. Muna gayyatar kowa, musamman yaran ƙungiyar da malaminsu, wanda muke roƙon ya daina zargin kansa ya zo.