Agogo a ƙarƙashin katifa

Talata, da dare.

Wunin yau kusan duk a kan littafin The Kite Runner na Khaled Hosseini ya ƙare, wanda ya fito a 2003. Da yamma na kai shafin ƙarshe, kuma har yanzu raina bai kwanta ba.

Kowa maganar lungun nan yake yi: Kabul, hunturun 1975, Amir, mai ba da labarin, ya leƙa ya ga Assef, wani azzalumin yaro na unguwarsu, yana keta haddin Hassan, abokin Amir kuma ɗan mai aikin gidansu, sai Amir ya juya ya gudu. Ni wannan ban riƙe shi da zafi ba. Yaro ne ɗan shekara 12, tsoro kuwa halitta ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na bayan nan. Da ganin Hassan ya gagare shi, sai ya ɗauki sabon agogonsa da kuɗi ya cusa ƙarƙashin katifar Hassan, ya je ya ce an yi masa sata. Wannan kam a zaune aka ƙulla shi, da hankali kwance. Da aka tambayi Hassan, sai ya ce e, shi ya ɗauka, alhali ya san wanda ya ajiye. A nan na rufe littafin na tashi na yi ta zagaye ɗaki.

Wanda ya cuce ka ba ya son ganin fuskarka, musamman in ka yi shiru. Marubucin ya kama wannan sosai.

Inda muka raba hanya da shi shi ne wajen wanke laifin. Amir ya tsere Amurka, ya yi aure, ya zama marubuci. Sai a 2001 Rahim Khan, aminin mahaifinsa, ya kira shi Peshawar ta Pakistan ya shaida masa cewa 'yan Taliban sun kashe Hassan, kuma ashe ubansu ɗaya. To me ya kawo zancen jini? Da Hassan ɗan mai aikin gida ne kawai, Bahazare (ɗan ƙabilar Hazara da ake rainawa a can), cin amanar ba ta isa ta tashe shi daga Kalifoniya ba ke nan? Wannan ya ɓata mini rai, gaskiya.

Amir ya koma Kabul neman ɗan da Hassan ya bari, ya sha duka a hannun Assef har yana dariya, wai ya ji sanyi a ransa. Shi ya ji. Mai haƙƙin yana kabari, ba a taɓa duban idonsa an ce masa yi haƙuri ba. Wanda ma ya ceci Amir a ɗakin nan Sohrab ne, ɗan Hassan, da danƙonsa. Uba ya kare shi, ɗa ya kare shi.

Abu ɗaya na yaba: ba a sa Sohrab ya rungume shi ba. Amir ya saɓa alkawarin da ya yi masa cewa ba zai mayar da shi gidan marayu ba, yaron ya nemi halaka kansa, daga nan ya ɗauke baki wata da watanni. Gobe zan sake karanta babin wasiƙar da Hassan ya rubuta wa Amir.