Rabi da sulusi ne suka tona mini asiri

Takardar jarrabawar lissafi ta huɗu ce ta sa na ajiye jan biro. Tambayar ba wata tambaya ba ce, na sa ta ne a farko don yara su tsinci maki a sauƙaƙe, hankalinsu ya kwanta kafin su shiga masu wuya: 1/2 + 1/3. Yaron ya rubuta 2/5. Na ce to, tuntuɓen alƙalami ne. Ta biyar, 2/5. Ta bakwai, 2/5. Kafin in kai ƙarshen tulin, fiye da rabin ajin sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, sun ja layi biyu a ƙarƙashin amsar kamar waɗanda suka yi abin kirki. Kuma yara ne 'yan shekara 13 zuwa 14, waɗanda makonni kaɗan kafin nan shafin intanet da suke atisaye a kai ya shaida mini sun gama da wannan babi, ya shafa wa sunan kowannensu kore.

Duba fa abin da suka rubuta. Kana da rabi, aka ƙara maka sulusi, sai ka tashi da humusi biyu, wanda ko rabin da ka fara da shi bai kai ba. An ƙara maka amma ka ragu. Ko ɗaya daga cikinsu bai tsaya ya ce kai, anya kuwa? Wannan shi ya fi ci mini rai, har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

Ba jiya na fara riƙe alli ba. Amma a wancan zangon sai na ɗauko tsarin nan da ake ta yabo, na juya aji: yara su kalli bidiyon darasi a gida, su yi atisaye a shafi, in sun zo aji mu taɓa abin da ya gagara. Ba zan faɗi sunan shafin da na yi amfani da shi ba, domin ba shi da laifin komai, abin da aka gina shi ya yi shi ya yi. Yana ba yaro tambaya, in ya ci wasu a jere sai ya sa masa alamar kore, ni kuma daga wayata ina ganin jadawalin ajin gaba ɗaya. Kullum da dare in buɗe, in ga kore na ta mamaye jadawali kamar damina ta sauka. Har na kai wa shugaban makaranta, na ce, "Ranka ya daɗe, duba ka gani, bana babu wanda za a bari a baya." Ya jinjina kai, ya ce Allah ya sa. Wannan maganar da na yi da bakina ita ce ta riƙa dawo mini a daren da nake duba takardun.

Kuskurena ɗaya ne, kuma babba: makonni tara cur ban karɓi littafin yaro ko ɗaya na duba yadda yake aiki da hannunsa ba. Ina ganin amsa, ba na ganin hanya. Na ɗauki kore a matsayin fahimta. Kitso na yi ta yi da ƙwarƙwata, ina yaba kyan kitson.

Washegari ban raba takardu ba. Na kira wata yarinya mai zama a layin gaba, wadda a shafi babu wanda ya kai ta yawan kore, na miƙa mata alli. Na rubuta 1/4 + 1/2 a allo. Ta tsaya tana kallon allon, tana juya allin a hannu.

"Malam, in ɗauko wayata?"

"A'a, ɗiyata. Ke da allo."

Ta rubuta 2/6, ta juyo ta kalle ni. Na tambaye ta yadda take yi a gida har take cinye tambayoyin. Ba ta ɓoye ba, don a ganinta ba laifi ta yi ba. Ta ce in tambaya ta fito sai ta koma bidiyon, ta tsayar da shi daidai inda mai koyarwa ya yi irinta, ta canza lambobi, ta bi layi-layi. In ta faɗi, shafin yana ba ta matashiya, ta danna har amsa ta kusa fitowa, sannan ta jira irinta ta sake zuwa. Wani yaro daga baya, da ya ga ba a yi faɗa ba, ya ce shi ma dai bai wahalar da kansa haka, akwai manhajar da ake haska wa tambaya kyamara ta zubo amsa da matakanta duka. Ajin ya fashe da dariya. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Na so in yi fushi da mai kyamara, amma a gaskiya ba shi ne ya dame ni ba. Wanda ya kwafa ya san ya kwafa. Yarinyar ce ta karya mini zuciya, domin ita ta yi aiki tsakani da Allah, ta ba abin lokacinta, kuma ta yi imani ta iya. "Wallahi Malam in ina kallo ina ganewa," in ji ta. Na yarda da ita. Tana ganewa ɗin, muddin hannun wani ne ke rubutun.

Daga baya ne na ci karo da aikin Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostareliya a kan koyar da kimiyyar fizis ta bidiyo. Abin da ya gano ya yi daidai da ajina kamar a can ya zauna. Ɗaliban da suka kalli bidiyo mai bayani tsaf, babu gargada, sun ce ya fito sarai, kuma ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru, amma makinsu kusan bai motsa ba. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ya fara kawo kuskuren da mutane suka saba yi, sannan ya warware shi, sun ce ya ruɗa su, amma su ne suka fi ƙaruwa. Dalilin a fili yake. Yaro ba da kai fanko yake zuwa ba, yana da tasa dokar da ya riga ya kafa, irin ta "tara sama, tara ƙasa". In bayani ya zo sumul, sai ya ji kamar abin da ya sani ne ake maimaita masa, ya daina sauraro da kyau, dokarsa tana nan daram. Da na karanta wannan kafin zangon, da ban kai wa shugaban makaranta waya ba.

Wani abin kuma da jadawalin ya ɓoye mini: atisayen kowane babi iri ɗaya ne a jere. Yaro ya san tambaya goman da ke gabansa duk hanyarsu ɗaya, bai buƙatar ya tsaya ya zaɓi dabara. Jarrabawa kuwa gauraye take zuwa. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada wannan a 2007 da ɗalibai masu lissafin girman cikin siffofi daban-daban. Waɗanda aka gauraya wa tambayoyi sun fi shan wuya lokacin atisaye, amma bayan mako guda sun yi wa masu yin iri ɗaya a jere fintinkau. Ni kuma na shafe makonni tara ina murna da sauƙin da yarana ke samu.

Na kai kukana wurin wani dattijon malami da ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba, mutumin da ko wayar zamani bai damu da ita ba. Na yi tsammanin zai ce ai na faɗa maka, a watsar da intanet ɗin. Bai ce haka ba. Ya ce, "Malam, wayar ba ta yi maka ƙarya ba. Tambayarta ka yi ko sun ba da amsa daidai, ta ce eh. Ba ka tambaye ta ko sun sani ba." Sai ya ci gaba da duba takardunsa.

Ban watsar ɗin ba. Abin da na canza shi ne inda nake sa kowane abu, kuma a nan ne na gane kayan da ke intanet ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai masu yi wa yaro bayani, akwai masu ba shi abin da zai taɓa da hannunsa ya ga me zai faru. Na biyun nan su na yi sake da su tun farko.

GeoGebra, manhajar zana siffofin lissafi, wanda Markus Hohenwarter ya fara a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzbag ta Ostiriya a farkon shekarun 2000, shi ya fid da ni kunya a babin aljabara. Ɗan'uwan kuskuren rabi da sulusi yana nan yana jirana, wato (a + b)² = a² + b². A da sai in buɗe baka a allo, in nuna musu 2ab, su kwafa, su manta. Wannan karon na ce kowa ya fara rubuta amsarsa a takarda idan a ya zama 3, b ya zama 4. Mafi yawa suka ce 25. Sannan na zana murabba'i mai gefe 7 a manhajar, muka ƙirga, 49. Na ce to, 24 ta ɓata, ku nemo mini ita. Na tsaga murabba'in gida huɗu, ga mai 9, ga mai 16, ga wasu dogaye guda biyu kowane 12. Wani yaro da bai cika magana ba ya miƙe tsaye ba tare da an kira shi ba, ya ce, "Malam ga ta can, su biyun nan ne!" Na ba shi ya ja ɗigon da kansa, a na girma, b na raguwa, dogayen nan biyu sun ƙi ɓacewa. Ban ce wannan ya warkar da kowa ba, amma wanda ya nemo 24 da idonsa da wuya ya sake yar da ita.

Desmos, manhajar zana layukan aljabara, ma haka. Ka rubuta y = mx + c, shi da kansa zai ba ka maɓallin ja na m da na c. Amma na koyi kada in bari a ja sai an yi hasashe a rubuce. Me zai faru da layin in m ya koma ƙasa da sifili? Rubuta tukuna. In ba haka ba, sai abin ya koma wasa, a ja layi yana rawa, a tashi babu abin da ya zauna. Kallo ne dai aka sake wa riga.

Wanda na fi jin takaicin rashin saninsa da wuri shi ne shafin NRICH na Jami'ar Kambirij. Tambayoyi ne masu sauƙin shiga, masu nisan tafiya. Na ɗauko ta tara lambobi mabiya juna: 15 ita ce 7 + 8, ita ce 4 + 5 + 6, ita ce kuma 1 + 2 + 3 + 4 + 5. To waɗanne lambobi ne ba za a iya rubuta su haka ba? Babu abin haskawa da kyamara a nan, babu misalin da za a canza wa lambobi. Suka yi ta fama har aka buga ƙararrawa. Washegari yarinyar layin gaba ta zo da takarda duk gogewa, ta ce 2 da 4 da 8 da 16 sun ƙi, kuma tana zargin 32 ma za ta ƙi. Ta yi daidai. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta sani ba tukuna. Wannan "tukuna" ta fi mini duk koren zangon baya.

Bidiyo kuwa yana nan, ban hana ba. Na ma fi ganin darajarsa yanzu da na san gurbinsa. Khan Academy, shafin bidiyon darussa da ya fi kowane suna a wannan fage, ya samo asali ne daga Salman Khan yana koya wa 'yar'uwarsa Nadia lissafi daga nesa a 2004, kafin ya fara ɗora bidiyo a YouTube a 2006. Wato tun asali mutum ne da ya san takamaiman inda yarinya ɗaya ta maƙale. Wannan sanin shi ne nawa aikin, kuma shi na sallama. Yanzu sai yaro ya gwada tambaya ya kasa, na ga inda ya kasa, sannan in ce je ka kalli wannan, daga minti kaza zuwa kaza, ka dawo ka yi mini wata a takarda, waya a kife. Mai kyamara ma na ba shi aiki: ya haska, ya kwafo matakan, amma ya zo ya faɗa wa aji dalilin kowane layi. Ya ce wannan ai ya fi yin lissafin wuya.

Kowace Litinin minti goma na farko na takarda ne, tambaya biyar gauraye, har da na watan jiya. Wani lokaci in rubuta aikin da ke da kuskure a allo in ce a kamo ɓarawon. Ina karɓar littattafai ina dubawa da jan biro kamar yadda nake yi kafin in ruɗu. Yana cin lokaci, kuma makin Litinin ba ya da kyan gani irin na jadawali. Mun kuma yi asarar kusan wata guda muna komawa baya, wanda ya sa babi biyu na ƙarshe muka bi su a guje, abin da har yanzu ban yafe wa kaina ba, domin yaran ne suka biya bashin da ni na ci.

Ranar da muka koma kan rabi da sulusi ban kunna komai ba. Na raba musu dogayen takardu, kowa ya naɗe ɗaya gida biyu, ɗaya gida uku, ɗaya gida shida, suka jera su a kan tebur. Rabi ya hau sudusi uku, sulusi ya hau sudusi biyu. Na rubuta 2/5 a gefen allo, na ce wa ya taɓa ganin wannan? Aka yi shiru, wasu suna sunkuyar da kai. Sai yarinyar nan ta ɗaga takardarta ta ce, "Malam, ai wannan ko rabi bai kai ba." Na ce mata ta zo ta goge shi da kanta.