Abin da bambancin harafi ɗaya a DNA ya koya mini

Kusan duk ɗalibin da ya shiga nazarin ƙwayoyin gado a ƙasarmu da sikila yake farawa, ni ma da ita na fara. DNA ɗin ɗan Adam jerin haruffa huɗu ne, A da C da G da T, kimanin biliyan 3, kuma idan mutane suka saɓa a harafi ɗaya a wuri guda, masana na kiran wannan SNP. A cikin ƙwayar gadon HBB da ke kan kuromosom (wato ƙunshin DNA) na 11, inda yawancin mutane ke da GAG, mai ɗauke da sikila yana da GTG. Wannan musanya kaɗai ke sauya sinadari ɗaya a cikin himogulobin, abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Kambirij a 1956, har jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a Najeriya.

Abin da ya fara sauya mini tunani shi ne aikin Anthony Allison na 1954 a Gabashin Afirka, wanda ya nuna cewa mai AS, wato wanda ya gaji harafin sikila daga mahaifi ɗaya kawai, yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Harafin da ke kwantar da yaro mai SS, wanda ya gaje shi daga iyaye biyu, a asibiti shi ne ya tsare ran ɗan'uwansa mai AS, kuma dalilin yawaitarsa a ƙasashen sauro ke nan. Tun daga lokacin ba na jin daɗin yadda wasu ke kallon masu AS tamkar masu wani aibi.

Sai dai sikila tana iya sa ɗalibi ya zaci kowane harafi yana da irin wannan ƙarfi, alhali ba haka lamarin yake ba. Shirin karanta DNA da ake kira shirin mutum dubu, wanda ya fitar da babban rahotonsa a 2015 kan mutum 2,504 daga al'ummomi 26, ya tattara SNP fiye da miliyan 84, kuma mafi yawansu ba su da wani tasiri da ake gani a jiki. Cututtuka irin su hawan jini da ciwon sukari kuwa, ɗaruruwan haruffa ne ke ba da gudummawa kaɗan-kaɗan, tare da abinci da yanayin rayuwa.

Darasin da ya fi zama mini a rai ya shafi yadda ake karanta sakamakon binciken da ke neman alaƙar haruffan DNA da cututtuka. Sau da yawa harafin da aka ce yana da alaƙa da wata cuta ba shi ke haddasa ta ba, maƙwabcin mai haddasawar ne da ake gadonsu tare. Kamar mai kwatance ne da ya ce gidan yana gindin kuka: kwatancen daidai ne a garinsu, amma a wani gari za ka iske kukar babu gidan. Da yake al'ummomin Afirka su ne mafi daɗewa a doron ƙasa kuma mafi yawan bambancin gado, guntayen DNA da ake gada a dunƙule sun fi gajarta a cikinsu, saboda haka alamar da ta yi aiki a Turai takan kasa a nan. Ga misalin madara: harafin da ke ba Baturen da ya girma damar narkar da ita ana samunsa a cikin Fulani, amma makiyayan Kenya da Tanzaniya wasu haruffan ne daban suke yi musu wannan aiki, kamar yadda Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka bayyana a 2007. Wanda ya gwada su da ma'aunin Turai zai yanke musu hukuncin da ba gaskiya ba.

Wannan ya sa duk takardar binciken da na ɗauka, kafin in duba abin da aka gano, nakan fara duba su wa aka ɗebi jininsu. Wani nazari na 2016 ya nuna kashi 81 cikin 100 na mahalarta irin wannan bincike 'yan asalin Turai ne. A shirin mutum dubu, Yarbawan Ibadan da Esan ne suka wakilci Najeriya, babu Hausawa, babu Kanuri, babu Fulani. Da shirin H3Africa mai nazarin ƙwayoyin gadon 'yan Afirka ya karanta DNA ɗin mutum 426 daga ƙabilu 50, rahotonsa na 2020 ya fito da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Cike wannan giɓi a Kano ko Damagaram zai buƙaci wutar da ba ta yankewa don adana jini, da ɗaliban da suka iya sarrafa bayanai a kwamfuta, da kuma takardar neman izini da aka rubuta da Hausar da mai ba da jinin zai fahimta kafin ya sa hannu.