Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: A Sake Zama GMAT Ko A Tura Takardu Haka?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya ne a ranar da sakamakon GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci ke amfani da ita wajen tantance ɗalibai, ya fito, kuma tun daga nan tambaya ɗaya ce ke ta shigowa: wanda makinsa bai kai yadda ya so ba, ya koma ya sake zama, ko ya tura takardun neman gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, haka nan? Wannan makon labari zai ɗan dakata mu yi wa tambayar adalci, domin a nan ne mutane da yawa ke ƙarar da kuɗi da watanni ba tare da sun ƙara komai ba.

Kafin komai, ka tabbata da ma'aunin da kake auna kanka. A watan Nuwamba na 2023 hukumar GMAC, mai shirya jarrabawar, ta fito da sabon tsari, tsohon kuma ya ƙare a ƙarshen Janairun 2024. Tsohon maki daga 200 ne zuwa 800, sabon daga 205 zuwa 805, shi ya sa kowane sabon maki ke ƙarewa da 5. Lambobin sun yi kama, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. GMAC da kanta ta ce 645 a sabon tsari daidai yake da 700 a tsoho. Abin takaici ne ka ga mutum ya ci 655, ya buɗe shafin wata makaranta irin Harvard ko Stanford ko Wharton, ya ga 730 ko 740 na tsohon ma'auni, hankalinsa ya tashi ya je ya sake biyan kuɗi, alhali bai yi nisa da su kamar yadda yake zato ba. Dubi jadawalin daidaita maki da ke shafin mba.com tukuna.

Dokokin maimaitawa ba su da tsauri. Tsakanin zama da zama sai an bar kwana 16, ba a wuce sau 5 cikin wata 12, kuma maki yana aiki har shekara 5. Sai ka ga sakamakonka sannan ka zaɓi wanda za a aika, kuma kana da damar aika wa makarantu 5 kyauta cikin awa 48 bayan fitowar sakamako na hukuma. Saboda haka tsoron kada maki na biyu ya yi ƙasa ya ɓata na farko bai kai yadda ake kururuta shi ba. Sai dai wasu makarantu a fom ɗinsu suna tambayar sau nawa ka zauna, a nan kuwa gaskiya kawai za ka rubuta. Abin da maimaitawa ke ci a zahiri kuɗi ne da lokaci. A Amurka zama ɗaya dala 275 ne a cibiya, 300 ta intanet, kuma wanda albashinsa da naira yake shigowa ya san abin da wannan ke nufi.

Makarantu da yawa suna wallafa matsakaicin makin ɗalibansu, wasu kuma su ƙara da iyakar da kashi 80 cikin 100 na ajin suka faɗa ciki. Idan makinka ya kai matsakaicin ko ya haura, ka wuce wurin, ka mayar da ƙarfinka kan sauran takardu. Idan ya faɗi ƙasa da iyakar gaba ɗaya, ko ka sake zama ko ka sake jerin makarantun. Mai wuya shi ne na tsakiya, wanda yake cikin iyakar amma ƙasa da matsakaici, kuma a kansa nake so mu daɗe.

Shi wannan, amsarsa tana cikin cikakken rahoton sakamakonsa, wanda mutane da yawa ba sa buɗewa bayan sun ga jimillar. Jarrabawar sashe uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, nazarin bayanai tambaya 20. Kowane sashe makinsa daga 60 ne zuwa 90, kuma nauyinsu ɗaya a jimilla. Rahoton zai nuna maka irin tambayoyin da ka faɗi da lokacin da ka ɓatar a kan kowace. Zauna da shi da biro da takarda, ka nemo dalilin faɗuwar.

Sau da yawa lokaci ne. A sashen lissafi kowace tambaya rabonta bai wuce minti 2 da 'yan daƙiƙu ba. Za ka ga a rahoton mutum ya liƙe wa tambaya ta 6 har minti 5, ta 11 ma haka, sai ya iso tambayoyi huɗu na ƙarshe da saura minti 2, ya yi ta canke ko ya bar su babu amsa. Barin tambaya ba amsa yana rage maki sosai. Wannan cuta ce mai magani, kuma cikin mako uku zuwa huɗu ake warkar da ita: ka koyi sakin tambayar da ta ƙi, ka zaɓi amsa, ka sa mata alama ka wuce, tunda sabon tsari ya ba ka damar komawa ka gyara amsa har 3 a kowane sashe idan lokaci ya rage. Mai irin wannan rahoto ya sake zama, ba na ko shakka.

Wani kuma ba lokaci ba ne, rami ne a wuri ɗaya. Misali ya ci 83 a fahimtar rubutu, 82 a lissafi, amma 74 a nazarin bayanai, saboda bai saba da tambayoyin da ke haɗa tebur da zane da gajeren saƙo a shafuka daban-daban ba, ko waɗanda ake tambayar ko bayanin da aka bayar ya isa a warware matsala. Shi ma ya sake, amma ya ba sashen nan kaɗai yawancin lokacinsa. Na fi matsa wa wanda raminsa a lissafi yake kuma digirinsa na farko ba na lissafi ba ne, kamar shari'a ko tarihi, domin masu tantancewa suna neman shaidar cewa zai iya da darussan kuɗi da ƙididdiga, kuma makin lissafin nan shi ne shaidar da ke hannunsu.

Wanda ba na so ya sake shi ne mutumin da makinsa na ainihi ya yi daidai da abin da yake samu a gwaje-gwajen gida. Idan jarrabawar gwaji ta hukuma tana ba ka 615, 625, 615, ka je cibiya ka ci 615, to ba sa'a ce ta ƙi ba, matakinka ke nan a yanzu. Komawa bayan kwana 16 da shirin da bai canza ba kamar sake auna buhu ɗaya ne a sikeli ana fatan ya ƙara nauyi. Sharaɗin da nake bayarwa shi ne ka ci aƙalla maki 30 sama da wanda ke hannunka a gwaji biyu na hukuma da ba ka taɓa gani ba, kowanne a zama ɗaya na awa 2 da minti 15, babu tsayar da agogo, babu na'urar lissafi sai a sashen nazarin bayanai. Gwaji na 1 da na 2 kyauta ne, sauran sai an saya. Kada ka ƙona su duka tun farkon shiri, domin gwajin da ka maimaita yana ba da makin da ya fi ƙarfinka.

Sai kalanda. Manyan makarantun Amurka galibi zagaye uku suke karɓar takardu: Satumba, Janairu, sai wajen Afrilu. Ɗalibi daga waje bai kamata ya dogara da na uku ba, don gurabe da tallafi sun ragu, ga kuma neman biza. Jinkirtawa daga Satumba zuwa Janairu domin ƙarin maki mai yawa abu ne mai ma'ana. Amma idan saura mako uku a rufe zagayen Janairu, rubutun bayanin kanka bai kammala ba, masu rubuta maka wasiƙar shaida ba su fara ba, ƙarin maki 10 ba zai biya abin da za ka rasa a can ba. Ka kuma bar tazara, domin sakamako na hukuma yakan ɗauki kwana 3 zuwa 5, wani lokaci fiye.

Wanda ya zauna sau biyu makin bai motsa ba, ya gwada jarrabawar GRE ta hukumar ETS, wadda yawancin makarantun kasuwanci ke karɓa. Tun Satumban 2023 ba ta kai awa 2 ba, akwai na'urar lissafi a kan allo, sai dai tana son tarin kalmomin Turanci. Ita kwana 21 ake bari tsakanin zama biyu. Yi gwajinta na kyauta kafin ka biya.

In ka yanke shawarar sakewa, shawarata ga mai zama a Kano ko Kaduna ita ce ya nemi cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, maimakon zama ta intanet a gida, sai in ya amince da wutarsa da layin intanet ɗinsa ɗari bisa ɗari. Ya tabbata sunan da ya yi rajista da shi daidai yake da na fasfo harafi da harafi, ya isa garin da cibiyar take tun ana gobe, ya kuma saba da yin lissafi da alƙalamin maka a kan takarda mai santsi, domin ita za a miƙa masa a cibiya, ba fensir ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga batun wasiƙun shaida.