Tafiyata Toulouse da Guntun Alminiyom

Da sassafe na hau jirgin ƙasa a tashar Montparnasse ta Paris, tafiyar awa huɗu da ɗoriya zuwa Toulouse. Har Bordeaux gudu yake kamar zai tashi sama, daga nan kuma ya lafa. Ban kalli taga ba sam. Kaina na cikin littafi, ina ta haddar lissafin yadda iska ke ɗaga fiffike, don a zatona duk mai ɗaukar ɗalibi horon aiki a masana'antar jiragen sama ta nan zai fara.

Na sauka a tashar Matabiau ta Toulouse, washegari na nufi wajen Blagnac, inda kamfanin ƙera jiragen sama na Airbus ke da hedikwata. Ina hanya sai ga Beluga, jirgin nan mai ƙaton goshi da ke dakon sassan jirage, yana saukowa a hankali. Ni kaɗai na ɗaga kai, mutanen gari ko a jikinsu. Ba mamaki, a nan Concorde, jirgin fasinja mai gudu fiye da sauti, ya fara tashi ranar 2 ga Maris, 1969.

Wani ƙaramin kamfani mai ƙera sassa ne ya kira ni. Injiniyoyi biyu na tarar, mace da namiji. Ko takarduna ba su buɗe ba, matar ta turo mini guntun alminiyom mai ramukan ƙusa, ya tsage daga bakin rami ɗaya.

"Me ya karya wannan?"

"Nauyi ne ya yi masa yawa, Madam."

"Ka ga inda ya lanƙwashe?"

Na juya shi, na sake juyawa. Miƙe yake sambal. Gumi ya fara tsattsafo mini, ɗakin ya yi tsit. Can sai labarin Comet, jirgin fasinja ƙirar Birtaniya, ya faɗo mini: jirage biyu da suka tarwatse a sama a 1954, ɗaya kusa da tsibirin Elba a Janairu, ɗaya wajen Naples a Afrilu. Masu bincike a Farnborough ta Ingila suka nutsa gangar jirgi a tankin ruwa, suna ƙara matsi suna saki, har ta fashe daga kusurwar wata kafa. Duk tashi gangar jirgi kan kumbura, duk sauka ta sace, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa ana miƙewa har ta katse. Na ce gajiyar ƙarfe ce.

Ta miƙo mini gilashin ƙara girma. A fuskar karayar na ga layuka siri-siri, baka-baka, irin sawun da ruwa ke bari a yashi, duk suna komawa ga bakin ramin.

Namijin ya tambayi rarar ƙarfin da ake ba gangar jirgi. Na ce ninki 1.5 na nauyi mafi girma da ake tsammani. "Wannan zai hana gajiya?" Na ce a'a, lissafinta daban ne, sai an ƙirga sau nawa za a matsa a saki. Ya rubuta wani abu. Lissafin fiffiken da na kwana ina hadda, ko sau ɗaya bai taso ba.

Suka ce in saurari amsa. Da yamma na shiga gidan tarihi na Aeroscopia, na tsaya gindin Concorde ina bin layin ƙusoshi da ido, har mai gadi ya zo ya ce lokacin rufewa ya yi.