Yadda tatsuniyar Gizo ta buɗe mini shuɗaɗɗen lokaci na Sifaniyanci

Kowace Litinin da safe, a ajinmu na koyon Sifaniyanci a birnin Granada, malamarmu takan bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tambayi abin da kowa ya yi a ƙarshen mako. Wata na huɗu ke nan da zuwa Sifaniya, kuma wannan tambaya ita ce ke sa gabana faɗuwa, domin ba a amsa ta sai da shuɗaɗɗen lokacin da suke kira pretérito indefinido.

Wata rana na so in ce na sayi burodi ranar Asabar, sai na ce compró pan. Malama ta karkata kai, ta ce wa ya saya? Abin da ya kamata in faɗa shi ne compré. Da wasali ɗaya na mayar da aikina na wani. A Hausa mai aiki da lokacin aikin suna gaban aikatau: na saya, ya saya, muka saya, aikatau ɗin kuwa yana nan yadda yake. Su Sifaniyawa sun kwashe wannan kaya duka sun ɗora a ƙeyar kalma: compré, compraste, compró, compramos, comprasteis, compraron. Sai da na horar da kunnena ya riƙa jiran ƙarshen kalma.

Inda Hausa ta fara yi mini rana shi ne wajen hablo da habló. Na farko ina magana, na biyu ya yi magana, bambancin kawai gaɓar da aka danna. Abokan karatuna da yawa sun sha wuya a nan. Amma kunnen da ya tashi yana rarrabe kukan yaro da kukar miya ba ya raina irin wannan ɗan bambanci, ko da yake nasu dannawa ce, namu karin sauti.

Akwai aikatau masu taurin kai da ba su bin ƙa'ida. Tener ya koma tuve, hacer ya zama hice, decir ya zama dije, har ser da ir suka haɗu a siffa ɗaya, fui. Waɗannan hadda kawai na yi, kamar yadda muka yi a makarantar allo, kullum bayan sallar asuba.

Babban abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaushe ake cewa llegué (na iso), wato indefinido, yaushe ake cewa llegaba (ina isowa), wato ɗaya shuɗaɗɗen lokacin da suke kira imperfecto. Na yi makonni ina bin bayanin ta hanyar Turanci, ina ƙara ruɗewa. Sai wani dare ina waya da mahaifiyata, na jiyo ta tana yi wa jikoki tatsuniya: Gizo yana zaune a gindin bishiya, rana tana dukansa, sai Ƙoƙi ta shigo, ta ajiye ƙwarya, suka ci. Na ce, “Inna, don Allah ki maimaita.” Ta ce, “Kai kuma ɗan nan, da girmanka?” Ta maimaita. Ai ga shi nan a fili! Yana zaune da tana dukansa shimfiɗa ce, aikin imperfecto ke nan. Ta shigo, ta ajiye, suka ci kuwa su ke tura labari gaba, kowanne ya faru ya ƙare, shi ne indefinido. Llovía cuando llegué, ana ruwa na iso. Har sabía da supe suka warware: ina sane, da kuma sai na samu labari.

Ma'aunin bai dace ɗari bisa ɗari ba, dole in faɗi gaskiya. Namu “sun zo” wani lokaci vinieron ne, wani lokaci han venido. Mutanen Madrid kan ce hoy he comido ga abin da ya faru yau, maƙwabcina ɗan Kolombiya kuwa hoy comí yake cewa. Duk da haka na ji takaicin watannin da na ɓata ban waiwayi harshen da na sha a nono ba.

Litinin ta gaba na ba da labarin hawana tudun Alhambra: ana sanyi, mutane suna layi, na sayi tikiti, na shiga. Hacía frío, compré, entré. Malama ta saurara har ƙarshe ba ta tsayar da ni ba, sannan ta juya ga na kusa da ni.